Yadda Wata "Ta" Guda Ta Fitar da Soja Daga Gidanmu

 Batun da zan taɓo a yau ba irin wanda aka saba gani a wannan mujalla tamu ba ne, kuma na san akwai wanda da ya ga inda na dosa zai buɗe shafi na gaba. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe, domin maganar ta faro ne daga nahawu, wato abin da ya tara mu a wannan sashe, kafin ta je ta faɗa cikin bariki.

A farkon shekarar 2025 malaminmu na darasin fassara ya shigo aji da wani labarin jarida na Turanci, ya ce kowa ya mayar da shi Hausa kamar yadda za a karanta a rediyo. Labarin kuwa shi ne, a watan Disamba na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin ƙa'idojin aikin soja, inda sashe na 26 ya haramta wa jami'ai luwaɗi da maɗigo da shiga ƙungiyoyin masu yin su, da sa tufafin da ba na jinsin mutum ba, har da zanen jiki da hudar jiki da buguwa. Da aka zo karanta abin da kowa ya rubuta, sai ga kusan rabin aji sun dunƙule maganar a jimla ɗaya: "An hana 'yan daudu aikin soja." Malam ya cire tabarau ya ce, "Haka Turancin ya ce?"

Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce ai duk tafiyar ɗaya ce. Malam ya ce a'a. Daudanci, in ji shi, yanayin rayuwa ne da ake gani da ido: namiji ya ɗauki maganar mata da tafiyarsu da sana'arsu, kamar dafa abinci da sayarwa a tasha ko a gidan biki. Luwaɗi kuwa aiki ne, wanda mai gemu da rawani na iya yi, ɗan daudu kuma ya rayu har ya mutu bai yi ba. Ya ambaci wani masanin harshe Ba'amurke, Rudolf Gaudio, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990 yana nazarin maganar 'yan daudu, ya kuma fitar da littafi a kai a 2009. Daga ƙarshe ya ce mai fassarar da ya haɗa kalmomin nan biyu ya yi wa mutane ƙazafi da alƙalami. Ni dai har aka tashi ban ce uffan ba, alhali na fi kowa a ajin nan sanin abin da kalma ɗaya ke iya yi wa soja.

Ni ba Bahaushe ba ne. An haife ni a Shagari Low Cost da ke cikin Yola, wato rukunin gidajen nan masu sauƙin kuɗi da suka samo suna daga gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta 1979 zuwa 1983. A gidanmu Fulatanci ake yi. Hausa a waje na tsince ta, wajen ƙwallo da wajen mai shayi da kuma idan an aike ni kasuwar Jimeta. Duk wanda ya san Hausarmu ta Adamawa ya san inda muke tuntuɓe, wato jinsi. A Fulatanci idan ka ce "o wari", ko namiji ne ya zo ko mace ce ta zo, duk ɗaya ne, lamirin bai damu ba. Saboda haka da muka shigo Hausa sai muka riƙe "ya" muka yi ta raba wa kowa, "yarinya ya zo", "Inna ya ce". Ba wanda ke yi wa wani dariya tunda duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Da na shiga ƙaramar sakandare sai muka sami wani malamin Hausa wanda ya ɗauki alkawarin sai ya gyara mana baki. Ya ba mu ƙa'ida: kalmar da ta ƙare da wasalin "a" mace ce. Bai samu ya kai mu ga irin su gida da ruwa da nama da suna ba, waɗanda suka ƙi bin ƙa'idar, ko kuma ya kai mu ni ne hankalina ba ya wurin. Na fito daga ajinsa da tsoron "ya", na koma ina cusa "ta" duk inda na ga ƙofa. A yanzu na san masana na da suna ga wannan ciwo, wato gyaran da ya wuce gona da iri. A lokacin ina ɗan shekara goma sha uku, gani nake na fara zama Bakano.

A farkon 2014 Baba ya ba wani soja hayar ɗakin da ke ƙofar gidanmu. Zan kira shi Kofur, domin muƙaminsa ke nan a lokacin kuma haka muke kiransa. Sunansa da garinsu na sakaya da gangan. Kirista ne, ɗan soja, a bariki aka haife shi. Hausarsa ita ce wadda littattafanmu ke kira Barikanci, wadda ita ma ba ruwanta da jinsi. Ga mai sha'awar tarihin harshe, wannan Hausa tana da asali mai tsawo, domin rundunar sojan Nijeriya kan kai tarihinta ne zuwa 1863, lokacin da wani Bature mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko ya ba su bindiga, kuma shekaru da yawa bayan haka da Hausa hafsoshin Turawa ke magana da sojojinsu. Daga nan muka sami kurtu da kofur da saje da samanja da fareti. Daga nan kuma muka sami "bariki" ita kanta, kalmar da Bahaushe ya ba fuska biyu: wurin zaman soja, da kuma rayuwar da ta fita daga idon iyaye, ta karuwai da 'yan daudu. Idan aka ce wane ɗan bariki ne, sai ka saurari muryar mai maganar kafin ka san wanne ake nufi.

Kofur mutum ne mai shiru-shiru. Ba ya shan taba, ba ya kawo mata, ya haura shekara talatin bai yi aure ba. Ɗakinsa kullum a share. Sannan ya iya girki, iyawa ta gaske, domin mahaifiyarsa abinci take sayarwa a kasuwar bariki da ake kira Mami, kuma shi ne babban ɗanta. Yana kiran mahaifina Baba, mahaifiyata Mama, ni kuma "ƙanena". Idan ya karɓi albashi sai ya sayo kifi daga bakin kogin Binuwai ya miƙa cikin gida.

Waɗanda suka zauna a Adamawa a wannan shekara ba sa bukatar a tuna musu halin da ake ciki. Tun watan Mayu na 2013 jihar ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tare da Barno da Yobe. A watan Agusta na 2014 Madagali ta faɗa hannun Boko Haram, a watan Satumba Michika ta bi. Mutane suka yi ta kwararowa Yola a ƙafa da bayan manyan motoci. Wasu aka kai su sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Damare, wasu suka cika harabar majami'ar Saint Theresa a Jimeta, amma mafi yawa gidajen jama'a suka shiga. Gidanmu mai ɗaki huɗu ya wayi gari da mutum sama da ashirin, iyalan wani abokin Baba da maƙwabtansu. Dada, wato mahaifiyata, ta rasa yadda za ta yi da tukwanenta ƙanana. Ran nan Kofur ya dawo daga aiki da wata ƙatuwar tukunya a bayan babur da rabin buhun shinkafa, ya cire kaki, ya haɗa murhu a tsakar gida, ya yi dafa-duka da ta ishi kowa har aka miƙa wa maƙwabta.

Da yamma na fita majalisar samarin layinmu, cikina a cike, bakina yana ƙaiƙayi. Ina so in ba da labari, ina kuma so a ji sabuwar Hausata. Sai na ce, "Yau soja ta yi mana girki. Kofur ta dafa shinkafa." A raina lissafin daidai yake: soja ta ƙare da "a", kuma duk tsawon rayuwata ban taɓa jin an ce "ya dafa" ba, kullum "ta dafa" ne. Da a ce 'yan unguwa ne zalla da maganar ta wuce. To akwai wani saurayi a wurin wanda iyayensa Hausawa ne 'yan kasuwa, shi ne ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Yaro bai san ƙarya ba! Ai dama mun faɗa." Kafin sati ya zagayo, sunan Kofur a layinmu ya koma Ta-dafa. Yara kan faɗa idan ya wuce, su ruga.

Sai daga baya na fahimci nauyin abin. Wanda Hausa ta kama bakinsa ya san cewa 'yan daudu kan kira junansu da "ke" da "ta" da gangan. Saboda haka abin da ya fito daga bakina a matsayin kuskuren ɗan koyo, a kunnen wancan saurayi shaida ce daga cikin gida. Ga kuma lokacin da abin ya faɗo. A watan Janairu na wannan shekarar ne Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana auren jinsi, mai hukuncin ɗaurin shekara 14, da shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyarsu ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. A wannan watan ne kuma jama'a suka yi ruwan duwatsu a wata kotun shari'a a Bauchi inda ake sauraron ƙarar wasu da ake tuhuma. Shi kuwa soja yana da tasa dokar a kan ta kowa, domin sashe na 81 na dokar rundunonin soja, wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1993, ya sa luwaɗi cikin laifuffukan da kotun soja ke ɗaure mutum a kansu.

Bayan kamar sati uku, Kofur ya fara aikena da ambulan wurin wancan saurayi. "Ƙanena, kai wa abokinka." Na kai sau uku. Ina zaton bashi ne ko cinikin waya. Ashe saurayin ne ya same shi ya ce yana da wanda ya sani a cikin manyansa, kuma takarda ɗaya zai rubuta. Wato ni na kunna wutar da bakina, ni ne kuma ɗan aiken da ke kai kuɗin da ake tatsa. Wannan sai bayan shekaru yayana ya gaya mini.

Ranar 29 ga Oktoba 2014 Mubi ta faɗi, gari na biyu mafi girma a jihar, har maharan suka sauya mata suna. Cikin makonni biyu aka ji su a Hong da Gombi, kuma daga Gombi zuwa Yola ba wata tafiya ba ce. Akwai daren da jita-jita ta cika gari cewa gobe za su tsallako gada. A daren nan na ga abin da ban manta ba. Mazan layinmu, manya da samari, har da mai karɓar ambulan, suka taru a ƙofar ɗakin Kofur yana ɗaura takalmi. "Ofisa, yaya ake ciki?" "Ofisa, mu kwashe iyali ne?" Ba wanda ya tuna da Ta-dafa. Ya ce musu kowa ya koma gida ya kwanta, ba mai shigowa Yola. Ya hau babur ya tafi, ba mu sake ganinsa ba sai a watan Disamba, bayan sojoji da mafarauta sun ƙwato Mubi. Ya dawo a rame, hannunsa na hagu a naɗe.

Mai karatu zai yi zaton maganar ta mutu ke nan. Ina! Da hankali ya kwanta sai ta taso da ƙarfinta. Wata rana bayan la'asar dattawa uku suka yi sallama da Baba, ni ne na shimfiɗa musu tabarma na kuma laɓe a zaure. Da Fulatanci suka yi maganar, ni ne na mayar da ita Hausa.

"Alhaji, mun zo ne a kan yaron nan soja da ke gidanka. Akwai yara a unguwa."

"Madalla," in ji Baba. "A cikinku wa ya gani?"

"Ai magana ce ta cika unguwa, Alhaji."

"Malam, unguwa ba ta tsayawa gaban alƙali. Mutum ke tsayawa. Wa ya gani?"

Aka yi shiru. Baba ba malami ba ne, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, amma ya yi shekaru yana ɗaukar karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a wurin wani modibbo a cikin gari. Ya tuna musu cewa a littafin nan da kowa ke girmamawa, wanda ya jefi mutum da wannan suna bai kawo shaidu ba, shi ne ke shan bulala tamanin. Ya ce yaron nan ya ciyar da baƙinsa, ya kuma dawo da rauni daga inda 'ya'yansu ba su je ba, don haka ba zai ce masa ya tashi ba. Dattawa suka yi sallama suka tafi rai a ɓace.

Sai dai tagar Kofur tana kallon wurin da aka shimfiɗa tabarmar, kuma zaman Yola ya koya masa Fulatanci fiye da yadda muke zato. A watan Janairu na 2015, daidai lokacin da ake shirin ƙwato Michika, ya ɗaure kayansa. Ya durƙusa ya gode wa Baba, ya ce ba ya so a ɓata tsakaninsa da maƙwabta saboda shi. Tukunyar ya bar wa Dada.

Wannan shi ne abin da ke cikina ranar da ake gardamar fassara. Da na fita daga aji sai na shiga neman yadda wasu ƙasashe suka yi da wannan batu, kuma abin da na samu game da Amurka ya tsaya mini a rai, domin ya shafi irinmu masu karatun harshe.

Bill Clinton ya yi alkawari a yaƙin neman zaɓen 1992 cewa zai bar masu neman jinsinsu su yi aikin soja ba tare da ɓoyewa ba. Da ya hau mulki manyan hafsoshi irin su Janar Colin Powell da 'yan majalisa irin su Sanata Sam Nunn suka ƙi. Hujjarsu ita ce sojoji tare suke kwana, tare suke wanka, kuma abin zai raba kan runduna. Aka yi sulhu a 1993 da wata doka da aka yi wa laƙabi da "kar a tambaya, kar a faɗa": hukuma ba za ta tambaye ka ba, kai ma kada ka furta, in ka furta ko aka gano an sallame ka. A kunne kamar adalci ne. Amma daga 1994 zuwa 2011 sojoji sama da 13,000 aka sallama a ƙarƙashinta, da yawa kuma ba su ne suka faɗa ba, wani ne ya kai su. A 1999 a wani bariki a jihar Kentucky, wani ƙaramin soja mai suna Barry Winchell ya sha watanni ana yi masa irin abin da aka yi wa Kofur, daga ƙarshe wani abokin aikinsa ya kashe shi da kulki yana barci.

Ga inda ya shafe mu. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, babu abin da sojan Amurka ke nema ido rufe kamar wanda ya iya Larabci. Amma a 2002 aka ji cewa an sallami ɗalibai tara daga makarantar koyon harsuna ta soja da ke Monterey a jihar Kalifoniya saboda wannan doka, shida daga cikinsu masu karatun Larabci. Wani rahoton gwamnati na 2005 ya nuna cewa sama da mutum 300 masu sanin harsuna irin su Larabci da Farisanci da Koriyanci aka rasa ta wannan hanya. Laftanar Dan Choi, wanda ya karanta Larabci a makarantar hafsoshi ta West Point ya kuma yi aiki a Iraƙi, ya faɗi halinsa a talabijin a 2009, aka sallame shi a 2010. Duk wanda ya yi shekara huɗu yana fama da karin sauti da giredin aikatau ya san ba a yin tafinta a dare ɗaya. A ƙarshen 2010 ma'aikatar tsaronsu ta tambayi sojojin kansu, kusan kashi 70 cikin ɗari suka ce soke dokar ba zai kawo wata illa ta a-zo-a-gani ba. Barack Obama ya sa hannu a watan Disamba na 2010, dokar ta daina aiki ranar 20 ga Satumba 2011.

Ingila kuwa, wadda daga dokokinta na mulkin mallaka muka gaji lafazin namu sashen, kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan'adam ce ta tilasta mata a 1999, ta ɗage haramcin a watan Janairu na 2000, kuma a 2023 Firaminista Rishi Sunak ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar sojojin da aka kora. A nan Afirka, tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996 ya hana nuna bambanci a kan wannan, har a cikin soja.

Na san abin da wani zai ce: ɗan Yola ya karanta littattafan Turawa ya zo zai sauya mana addini. To bari in faɗi matsayina a fili. Abin da addinina ya ce game da luwaɗi na sani, kuma ban isa in taɓa shi ba. Limamin cocin su Kofur ma ba zai faɗi wani abu dabam ba. Na kuma san yadda jama'a ke jin haushin ƙasashen da ke haɗa wannan magana da tallafinsu, kamar yadda David Cameron ya yi a 2011. Maganar soja ya fito ya bayyana kansa ma ba ta taso ba a ƙasar da dokar 2014 ke jiran sa a bakin ƙofar bariki.

Amma bariki ba masallaci ba ne, ba kuma coci ba ne. Ba a tambayar kurtu ko yana tashi sallar asuba kafin a ba shi bindiga. Abin da ya kamata runduna ta hukunta shi ne abin da ke ɓata aiki: babba ya tilasta wa na ƙasa da shi, ko namiji ne ko mace, ko ya yi amfani da muƙami ya ci zarafin farar hula. Wannan a hukunta shi da hujja, komai girman mai laifin. Abin da na gani da idona kuwa dabam ne. Dokar da ake cewa tana tsare mutuncin soja ita ce ta zama sandar da wani zauna-gari-banza ya riƙa tatsar sojan da ke tsare shi. A da, ɗaya daga cikin hujjojin Turawa na korar irin waɗannan sojoji ita ce wai maƙiyi na iya yi musu barazanar tona asiri ya karɓi sirrin ƙasa. Ni kuwa a layinmu na ga cewa barazanar ba ta da haƙori sai da dokar ta ba ta. Kuma ba ta bambanta wanda ya yi da wanda bai yi ba. Ya isa a ce mutum bai yi aure ba, ya iya girki, wani yaro kuma ya yi tuntuɓen lamiri. Yanzu da sababbin ƙa'idoji suka ƙara har da maganar tufafi, ina tunanin sojoji nawa ne a yau ke miƙa ambulan.

Baba ya rasu shekaru kaɗan da suka wuce. Kafin rasuwarsa Kofur kan kira shi duk Sallah. Ni kuwa kunya ta hana ni karɓar wayar ko sau ɗaya.

A ƙarshen watan Yuli na 2025 ambaliya ta afka wa Shagari da Sabon Pegi da Yolde Pate cikin dare, aka rasa rayuka, gidaje da dama suka rushe. Ina gida hutu. Ruwa ya shiga ɗakunanmu har gwiwa, ya lalata littattafaina na aji ɗaya da aji biyu. Kwana biyu bayan haka wayar Dada ta yi ƙara, ta miƙo mini domin hannunta da laka. Muryar ba ta sauya ba.

"Ƙanena, kai ne? Na gani a labarai. Mama yana lafiya?"

Na ce lafiya lau. Muka yi jaje. Yanzu ya zama saje, yana can wani wuri da ba zan ambata ba. Da na ga zai yi sallama sai na tattaro ƙarfin hali na ce, "Yaya, akwai maganar da na daɗe ina so in gaya maka. Sunan nan da aka sa maka a layinmu, daga bakina ya fito." Na ba shi labarin malamin Hausa da wasalin "a".

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Na sani tun ranar. Ba kai ka fara ba, ƙanena, tun ina kurtu ake yi." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Shekara kusan ashirin ina gadi biyu, ɗaya na gwamnati, ɗaya na bakina. Na gwamnati ana canjin mutum." Ban tambaye shi abin da yake nufi ba, shi ma bai ƙara ba.

Ya tambayi tukunya. Na ce tana nan, ita ce ma aka ɗora jiya aka ciyar da maƙwabtan da ruwa ya cinye wa hatsi, mutum kusan talatin.

"Mama ya iya ɗaga shi har yanzu?"

Na ce a'a, bayanta ya hana ta.

"To wa ya dafa?"

Na ce, "Ni na dafa."

Ya ce, "To ka yi hankali da bakin yara." Ya ce in gaida Mama, ana kiransa.